Awon lafiyar ma'aikata: a biya su ko kada a biya?

A Tukunus, kamar kilomita 20 arewa da Filinge, akwai gidan kiwo na gwamnati inda ake renon shanun Azawak tun shekara ta 1954. A can kowace saniya da lambarta. Ana auna nonon da take bayarwa, ana ɗora maraƙi bisa sikeli, ana yi wa garke allura kan lokaci. Ba wanda ke tambayar dalili, don kowa ya san saniya dukiya ce, kuma dukiyar da ba a dubawa lalacewa take yi. To, mai tatsar saniyar fa? Da malamin lakkwal na Shikal, da direban magajin gari, da gardin da ke kwana bakin biro? Su ma dukiyar ƙasa ne. Amma saniya kora ta ake yi zuwa wurin awo, mutum kuwa sai in ya yarda. Shi ya sa a ƙasashe da yawa masu ba da aiki suka shiga ba ma'aikata kuɗi don su zo a auna lafiyarsu. Ya kamata magabatan ma'aikatu na Filinge da ƙasar Kurfai su san abin da wannan dabara ta haifar inda aka gwada ta, tun kafin wani ya kawo musu ita cikin jakar wani shiri.

Abin da awo ke nema

Akwai cututtukan da ba su sallama. Babba daga cikinsu shi ne hawan jini, wanda ake kira tansiyo. Mutum yana iya shekara goma da shi yana noma, yana koyarwa, yana tuƙa mota, bai ji kome ba, sai rana ɗaya ɓarin jikinsa ya shanye, ko ƙodarsa ta gaza. Binciken da ma'aikatar ministan kiwon lafiya ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya cikin shekara ta 2007 ya nuna fiye da mutum ɗaya cikin manya uku na Nijar yana da hawan jini. Da aka sake binciken cikin 2021, an samu fiye da ɗaya cikin huɗu. A wannan shekara ta 2021 hukumar ta ce, a duniya baki ɗaya, kusan rabin masu wannan ciwo ba su san suna da shi ba. Ke nan in malamai ashirin suka taru a Filinge don taron ƙarshen wata, ana iya zaton biyar daga cikinsu suna ɗauke da shi, kuma wasunsu ba su da labari. Alhali awonsa bai kai minti biyar ba, kuma maganinsa yana cikin mafi araha.

Ciwon sukari ma haka yake, ɗigon jini ɗaya daga yatsa yana iya tona shi. Sa'an nan kowace sana'a da nata haɗari. Makiyayi da mahauci da malamin dabbobi suna iya ɗaukar tarin fuka daga shanu, ko ciwon ɓarin ciki na dabbobi wanda makiyaya ke kira bakkale. Direban da idonsa ya raunana yana ɗauke da ran duk wanda ya shiga motarsa.

Doka ba ta manta da wannan ba. Dokar ƙwadago mai lamba 2012-45, ta ran 25 ga watan Satumba 2012, ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin tanadin kula da lafiyar waɗanda ke yi masa aiki. Sai dai rubuta doka a Yamai daban, ganin ma'aikaci ya naɗe hannun riga gaban likita a Bonkuku daban.

Me ke hana ma'aikaci zuwa?

Abu na farko hanya ce. Asibitin gunduma yana Filinge. Wanda ke aiki a ƙauyukan Tondikandiya, ko Imanan, ko can cikin Kurfai, sai ya biya kuɗin mota zuwa da komowa, ya ci abinci a gari, wani lokaci ya kwana. In awon na buƙatar babban likita, Yamai tana da nisan kilomita kamar 180. Rashin kwanciyar hankali ya ƙara wa tafiya nauyi. Cikin 2017 an sa dokar ta-ɓaci a wasu gundumomin jahar Tilaberi, har da Abala, kuma cikin 2020 an hana yawo da babur a sassa da yawa na jahar. Tun watan Janairu 2024 mafi ƙarancin albashi jikka 42 ne a wata. In aka raba shi bisa ranakun aiki, yini guda bai wuce jikka ɗaya da rabi da ƴan kai ba. Mai irin wannan albashi, awon da aka ce kyauta ne yana iya cinye masa ladan kwana biyu ko uku tun bai ga fuskar likita ba.

Abu na biyu tsoro ne. Malamin kwantaragi da lebura da gardi sun san aikinsu ba shi da gindi. In aka ce musu shugaba ya shirya awo, tambayar da ke zuwa ransu ita ce: wa zai ga takardar? In an samu ciwo, ba za a ce wane ya gaza a nemi wani ba? A ƙaramin gari inda majo da shugaban ma'aikata ke salla sahu ɗaya, wannan tsoro ba wauta ba ne.

Abu na uku shi ne maganar da kowa ya sha ji: mai lafiya me ya kai shi gidan likita? Wasu kuma suna cewa, in an gaya wa mutum yana da ciwo ba a ba shi magani ba, an ƙara masa damuwa ne kawai. Kuɗi suna iya maganin abu na farko. Saura kuwa sai an duba da kyau.

Inda aka gwada kuɗi

Gwajin da ya fi shahara an yi shi a Jami'ar Ilinoyi, ƙasar Amurka, daga shekara ta 2016. Masana uku, Damon Jones da David Molitor da Julian Reif, suka ɗauki ma'aikata kusan 5,000, suka raba su ta hanyar ƙuri'a. An gayyaci wasu awo ba tare da ko tamma ba. Wasu aka ce za a ba su dalar Amurka 100, wato kusan jikka 60 a lokacin. Wasu kuma dalar Amurka 200. Cikin waɗanda ba a ba kome ba, 47 bisa 100 suka zo. Cikin masu 100, mutum 59 bisa 100 suka zo. Cikin masu 200 kuwa, 63 bisa 100.

Wanda ya koyi lissafi a ajin yaƙi da jahilci yana iya yin wannan da kansa. A ɗauki ma'aikata 100. Tukuicin farko ya ƙaro mutum 12, amma sai an biya duk 59 ɗin da suka zo, har da 47 waɗanda za su zo ko ba a biya ba. An kashe 5,900 don samun mutum 12, kowane ɗaya ya tashi kusan 500. Da aka ninka tukuicin, kuɗin da aka kashe suka kai 12,600, ƙarin mutum 4 kaɗai aka samu. Kowane ɗaya daga cikin huɗun nan ya tashi fiye da dalar Amurka 1,600. Ashe kuɗin farko ke aiki, na biyu yawancinsu asara ne.

A Afirka ma an ga irin haka. Cikin 2004, a ƙauyukan Malawi, an auna mutane kamar 2,800 don ciwon sida, aka ce su je wani wuri su karɓi sakamako. Wata masaniya, Rebecca Thornton, ta sa aka raba musu takardun tukuici ta ƙuri'a, daga babu kome har zuwa kamar dalar Amurka 3. Cikin waɗanda ba a ba kome ba, 34 bisa 100 kaɗai suka je. Tukuici mafi ƙanƙanta, wanda bai kai ladan yini guda ba, ya ninka wannan adadi. An kuma lura waɗanda gidajensu ke nesa da wurin karɓa sun fi ƙin zuwa. Wani abin da ake zato shi ne, ɗan kuɗin yana ba mutum abin fakewa: in maƙwabci ya gan shi a layi, sai ya ce kuɗi ya zo karɓa.

Kusa da gida, a jihohin Katsina da Zamfara da Jigawa na Najeriya, ƙungiyar New Incentives ta riƙa ba uwaye mata naira 500 in sun kawo jariri rigakafi, da naira 2,000 ranar allurar ƙyanda. Binciken da aka yi tsakanin 2017 da 2020 ya nuna cikin yara 100, an samu ƙarin 14 zuwa 21 da aka yi wa allura, gwargwadon irin allurar. Waɗannan mata ba ma'aikata ba ne, amma abin da ke tare su, wato hanya da asarar yini, shi ke tare ma'aikacin ƙauye. Hausawa sun riga sun faɗa, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da kuɗi ba su yi ba

Labarin Ilinoyi bai ƙare nan ba. Masanan sun duba su wane ne suka zo. Sai suka tarar yawancinsu mutane ne da dama can suke kula da kansu, masu motsa jiki, waɗanda ba su cika kashe kuɗin magani ba. Waɗanda suka ƙi zuwa sun fi yawa cikin masu ƙaramin albashi da masu yawan jinya. Ke nan tukuicin ya fi shiga aljihun mai lafiya, wanda aka yi abin dominsa kuwa yana gida. Bayan shekara biyu aka sake auna su. Ba a ga bambanci ba tsakanin waɗanda aka gayyata da waɗanda ba a gayyata ba, ko a hawan jini, ko a nauyin jiki, ko a fashin aiki, ko a kuɗin asibiti. Wani gwajin da aka buga cikin 2019, wanda ya shafi ma'aikata kusan 33,000 na wani kamfanin kantuna a Amurka, ya ba da sakamako mai kama da wannan bayan wata 18.

Kada mai karatu ya ɗauka awo banza ne. Ma'aikatan Amurka da aka gwada suna da inshorar lafiya, da yawansu suna da likitan da ke ganinsu, don haka awon wurin aiki bai gaya musu sabon abu mai yawa ba. A Kurfai kuwa akwai magidanci mai shekara hamsin wanda ba a taɓa ɗaura masa abin awon jini a dantse ba. A wurinsa awon farko yana iya zama tsira. Amma darasin yana nan: awo ba magani ba ne. Sikelin Tukunus ba ya ƙara wa maraƙi ƙiba, abin da aka yi bayan an karanta sikelin shi ke ƙara ta. Ma'aikatar da ta kashe kuɗinta duka wajen tara mutane, ba ta rage na magani da na komowa awo ba, ta sayi yawan sunaye ne cikin rahoto.

Masu suka suna da tasu hujja

Akwai masu cewa kada a ba da ko tamma. Suna tuna yadda kuɗin zama da ake kira perdiyam suka ɓata tarurruka: yau in aka kira taron horo, tambayar farko ita ce nawa za a bayar, kuma in babu ambulan kujeru wayam. Suna tsoron kada awon lafiya ya bi wannan hanya, shekarar da shiri ya ƙare kuɗi suka yanke, ma'aikaci ya ce shi ma ya daina. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya yi aikin gwamnati ya ga misalinta. Amsarta ita ce a bambanta lada da mayar da asara. Wanda ya taka ƙafa daga biro zuwa asibitin Filinge cikin lokacin aiki bai yi asarar kome ba, ba ya bin kowa bashi. Wanda ya fito daga Damana ya biya mota daga aljihunsa, mayar masa da kuɗinsa ba cin hanci ba ne, haƙƙinsa ne. In aka raba kuɗi daidai wa daida tsakanin waɗannan biyu, an cuci na nesa.

Akwai kuma masu cewa a bar lallashi, a yi tara: wanda bai zo ba a yanke masa albashi. Wannan ma an gwada. Jami'ar Yale ta Amurka ta riƙa cire dalar Amurka 25 kowane mako daga albashin wasu ma'aikatanta da suka ƙi shiga shirinta na awo. Ma'aikatan suka kai ƙara cikin 2019, kuma cikin 2022 jami'ar ta yarda ta biya fiye da dalar Amurka miliyon ɗaya don a kashe magana. Tara tana faɗawa kan wanda ya fi talauci, domin shi ne ke nesa, shi ne kuma ya fi tsoron kora. Mutumin da aka kawo da sanda yana ɓoye abin da ke damunsa, likita ya tambaya ya ce lafiya lau. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma sai inda mai wanka ya amince da wanda ke kusa.

Abin da ya dace da Filinge

Da farko, a kai awo wurin ma'aikaci. Abin awon jini da na sukari da allon gwajin ido duk suna shiga jaka ɗaya. Malaman lakkwal suna taruwa don tarurrukan ƙarin sani, malaman gona da na dabbobi da na gandun daji suna zuwa gari don rahoto, makiyayan gidan kiwo suna wuri guda. Ma'aikacin jinya ɗaya da ya je inda suka riga suka taru ya fi arahar biyan mutum arba'in kuɗin mota. A sa ranar cikin lokacin aiki, kada a ƙirga ta fashi, kada kuma ta faɗa ranar kasuwa ko tsakiyar shuka, domin ma'aikacin Kurfai manomi ne tun kafin ya zama ma'aikaci.

Na biyu, inda tafiya ta zama dole, a biya kuɗin hanya da na abinci, gwargwadon nisa. A biya ranar, a hannu, bisa jerin da aka liƙa kowa ya gani. Kuɗin da aka ce za su fito bayan wata uku ba su ta da kowa daga zaune. In za a ƙara wani tukuici, ya zama ƙarami, a fara da masu ƙaramin albashi: gardi, lebura, mai shara, ɗan kwantaragi. Jikka ɗaya tana da ma'ana a wurinsu, shugaban ma'aikata kuwa ba ya buƙatar a biya shi, abin da ake so gare shi shi ne ya fara shiga layi.

Na uku, a biya don zuwa, kada a biya don sakamako. In aka ce sai wanda jininsa ya sauka ko nauyinsa ya ragu zai samu, an hukunta marar lafiya bisa abin da ba shi ya ɗora wa kansa ba.

Na huɗu, sirri. Sakamako tsakanin ma'aikaci ne da likita. Abin da ya halatta shugaba ya sani shi ne wane ya zo, kuma yana iya aikinsa ko sai an sauƙaƙa masa. Dokar ƙwadago ta 2012 ta hana a nuna wa mutum bambanci wurin aiki saboda ciwon sida ko amosanin jini. Ya kamata wakilan sandika su karanta wa ma'aikata wannan da Hausa da Zabarmanci da Tamashek kafin ranar awo, don ma'aikaci ya fi gaskata ɗan uwansa bisa takardar da ta fito daga biro. Awon sida kuwa sai wanda ya nema da kansa.

Na biyar, kuma shi ya fi duka, kada a auna abin da ba a shirya magancewa ba. Kafin a kira mutum ɗaya, a tabbata akwai maganin hawan jini da na sukari a gidan likita mafi kusa, akwai ranar komowa, akwai takardar tura mai tsanani zuwa asibitin gunduma. Cikin watan Agusta 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocinta. Wannan ya sauƙaƙa shiga ƙofa, amma mai hawan jini yana shan magani kullum har iyakar rai. In ma'aikata tana da jikka ɗari biyar don wannan aiki, gara ta sa kaso mafi girma cikin maganin watannin farko da kuɗin motar komowa, maimakon ta rabar da su duka ranar buki.

A ƙarshen shekara kuma, rahoton da za a aika wa shugaban gunduma da sufeton ƙwadago kada ya tsaya ga yawan waɗanda suka zo. A rubuta mutum nawa aka samu da ciwo, nawa suka komo awo na biyu, nawa ke shan magani bayan wata shida, kuma cikin waɗanda suka zo nawa ne daga ƙauye, nawa ne masu ƙaramin albashi. A rubuta adadi kawai, ban da suna. Da wannan za a gane ko kuɗin sun kai ga wanda aka nufa.

Malamin da ɓarin jikinsa ya shanye yana da shekara arba'in da biyar ya bar aji babu mai koyarwa, ya bar gida babu mai ciyarwa, ƙasa kuma ta yi asarar shekarun da ta kashe wajen horar da shi. In kuɗin mota daga Luma zuwa Filinge za su hana wannan, ba su yi tsada ba. Sai dai magabata su tuna kuɗi suna kawo mutum bakin ƙofa ne kawai. Amana da magani su ke sa ya shiga, su ke sa ya komo baɗi ko ba a ba shi kome ba. Allah ya ba ma'aikatan ƙasar nan lafiya, ya kawo kwanciyar hankali a Kurfai da Nijar baki ɗaya.